Kwanon Inna da Tagar da Na Bar Miki

Jamaica, Kwins, New York,
ƙarshen watan Yuli.

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ko kina sama cikin gajimare, ko kin riga kin sauka a Japan kina neman inda za ki sa haƙarƙarinki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa yaran da za ki koya wa Turanci su fi ki jin magana.

Na san kin ga Hausa kin yi dariya. Ki karanta a hankali, kina furtawa da baki yadda kike yi da waƙoƙin majami'a, za ta shiga. Tun kina ƙarama in na yi miki Hausa sai ki mayar mini da Turanci, to takarda ba a katse ta, yau sai kin ji ni har ƙarshe. Na sa ta a jakarki ta hannu, don ni mai loda kaya ne a filin jirgi, na san irin jifan da babban akwati ke sha. Naki kam gobe ni da kaina zan ɗora shi, na riga na roƙa a sa ni a kan jirginku.

Akwai abin da na yi jiya game da tagogin gidanmu wanda zai ɓata miki rai. Ba zan iya faɗa miki a tsaye a bakin ƙofar jirgi ba, domin sai na faro daga ɗakin Inna, mahaifiyata da kika ci sunanta, na bi ta wani ƙauye a ƙasar da za ki, kafin na iso kan taga. Ki yi haƙuri da tsoho, hanyarsa zagaye ce.

Ba ki tuna ɗakin Inna ba, kina goye aka fito da ke daga ƙauyenmu. Zagayayye ne na laka, da jinka, wato rufin ciyawa mai tsini. Ciyawa ba ta dawwama, in ta sha damina biyu ko uku sai ta fara zuba. Saboda haka bayan an gama girbi, ciyawa ta bushe a daji, Inna takan ɗaura gyale ta bi gida-gida tana gayyatar mutane. Wannan shi ne gayya: kowa ya bar nasa ya zo ya yi naka, ranar nasa kai ma ka je. Tun da babanmu ya rasu, ranar baibayar ɗakin nan ita ce Kirsimetin Inna ta biyu. Ta jiƙa gero tun jajibere, ta dama kunu tukunya-tukunya, ta tuƙa tuwo. Maza su saƙa ciyawar a ƙasa, su naɗe jinkar, sannan su kewaye ta su ɗaga da ihu ɗaya su ɗora a kan bango. Ita kuwa tana tsakiyar gida da ludayi a hannu tana yi musu faɗa, wai sun karkata mata ɗaki. Ba su taɓa karkatawa ba, faɗan ne take so.

Da na samu aikin nan na fara ganin haske, abin da ya fara zuwa mini shi ne kunya. Ɗa a Amurka, uwa a bukka? Na aika a gina mata ɗaki na bulo mai kusurwa huɗu, a rufa masa kwano. Har na ƙara da cewa a rushe tsohon, kada wani ya gani ya ce ban san ciwon kaina ba. Ban tambaye ta ba. Wa ke tambayar mutum ko yana son alheri?

Lokacin babu waya a ƙauye, Inna kuma ba ta rubutu, sai dai kaset. Wani ɗan garinmu da ya je gida ya kawo mini. Na sa a rediyo, ga muryarta, ga zakara yana cara a bayanta. Ta ce, "Autana, ɗaki ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Ko ɗigo ba ya zuba. In ana ruwa dai ba na jin maganar kowa, amma dama wa ke magana? Bana ban dama kunun gayya ba, geron yana nan a rumbu." Na juya na ce wa mahaifiyarki, "Kin ji, tsohuwa ta huta." Na yi murna ranar har na saya miki alewa.

Mamana, in kin ga mutum da kaya a kai, kafin ki sauke masa ki tambaye shi me ke ciki. Za ki zauna cikin mutanen da ba ki san al'adarsu ba, za ki ga suna wahalar da kansu a kan abin da ke da hanya mai sauƙi. Ki riƙe bakinki tukuna, ki zauna ki ga wa da wa wahalar take tarawa.

Kuskurena na biyu ke ma kin san rabinsa, don kin sha ganin hotunan. Wajen ƙarshen shekarun tamanin, kina firamare, aka ba ni hutu mai tsawo. Mu ma'aikata ana barinmu mu hau jirgi a kujerar da babu kowa. Gida ya kamata na nufa. Amma na shekara da shekaru ina loda akwatunan Tokyo, ina shafa rubutun nan nasu mai kama da sawun kaji, ina kallon jirgin yana ɓacewa ta kan ruwa, har abin ya zame mini mafarki. Na ce a raina Inna ba ta rasa komai ba, tana cikin kwano, gida kuma yana nan ba ya gudu. Mahaifiyarki ta dube ni ta ce, "To Bajapane, a sauka lafiya." Kin san halinta. In zuciyarki ta ba ki dalili mai daɗi na ƙin zuwa inda ake jiranki, ki ƙara dubawa, don ni tawa ta iya tsara magana ƙwarai.

Tokyo ba ta ba ni mamaki ba, wanda ya zauna a New York gini ba ya ruɗa shi. Na wuce garin Nagoya, daga nan na so na haye zuwa Kanazawa, garin da ke kusa da inda za ki koyar. Wani abokin aikina Bajapane ya ce kada na bi jirgin ƙasa, na hau bas ta cikin duwatsu, na sauka a wani tsohon ƙauyen manoma da ake kira Shirakawa na sha iska kafin wata bas ta zo.

Watan Afrilu ne. Bas ta yi ta hawa tana kewaya duwatsu, ga kogi can ƙasa, ruwansa kore, ga ragowar ƙanƙara a kan tsaunuka. Gyangyaɗi yana ɗaukata yana saki, har yau ban iya raba abin da na gani da abin da na yi mafarkinsa a hanyar nan ba. Da na sauka hazo bai gama tashi ba. Sai gidaje suka fara fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, manya, na katako, rufinsu ciyawa mai kauri, a miƙe kamar an haɗa tafin hannu biyu za a yi addu'a. Gonakin shinkafa a ƙofar kowane gida ba a dasa ba tukuna, ruwa kwance a wasu, gidajen suna kife a ciki. Ban ji ƙarar mota ba, sai ruwa yana gudu a ƙananan magudanai a gefen hanya. Na tsaya da jakata a kafaɗa na ce, ashe masu ƙera motoci da rediyo ma a bukka suke kwana.

Hancina ne ya fara kai ni. Wani wari na ji, na tsohuwar ciyawa da ta sha hayaƙin murhu shekara da shekaru. Ƙafafuna suka bi shi ba da shawarata ba, domin warin ɗakin Inna ne ranar da ake sauke tsohuwar jinka, babu bambanci ko kaɗan. Na sha kwana sai ga gida guda an tuɓe masa rabin rufi, mutane sun hau shi tun daga ƙasa har ƙololuwa, maza da yawan gaske da ƙyalle ɗaure a goshi. A ƙasa mata da tsofaffi sun yi layi suna miƙa dammunan ciyawa hannu zuwa hannu. Wani yana ba da murya, sauran suna amsawa tare. Ban san yarensu ba, amma na san abin da nake gani. Gayya ce.

Me kika ga na yi? Na ciro kyamara. Ina sanye da kwat ɗina ta zuwa majami'a, na koma gefe inda ƙura ba za ta same ni ba, ina ta ɗauka. Ina cikin haka wata tsohuwa gajeruwa, bayanta ya ranƙwafa, ta tako har gabana. Ta dube ni daga takalmi zuwa kai. Na ɗauka baƙin mutum ne ya ba ta mamaki, ashe hannuwana take dubawa. Ta ɗora mini dami a ƙirji, ta nuna layi da haɓa, ta juya abinta. Daga baya na ji ita ce mai gidan.

Na tuɓe kwat na rataye a reshe. Mamana, hannun da ya saba jifan akwati dami ba ya ba shi tsoro. Kafin rana ta ɗaga sun fara dariya suna nuna ni, sai wani ya ja ni cikin gidan, muka hau tsani har can ƙarƙashin rufi. Duhu ne a wurin, itatuwan sun yi baƙi ƙirin suna sheƙi saboda hayaƙi, babu ƙusa ko ɗaya, igiya ce ta ɗaure komai. Aikin shi ne, na waje ya soko wata doguwar allura ta itace ta cikin ciyawa da igiya a hancinta, na ciki ya karɓa ya zagaya da ita bayan itace ya mayar. Ba ka ganin mai sokowa. Sai dai ka ga tsinin allura ya ɓullo a cikin duhu, da ɗan zaren haske a bayansa, ƙura tana yawo a ciki. Na karɓa, na mayar, na karɓa, na mayar. Ban san fuskar mutumin da ke waje ba, har yau, amma mun yi aiki kamar tare muka tashi. Can sai na fara jin kamar ana daka a tsakar gida, kamar in na sauko zan tarar da Inna da ludayi tana cewa mun karkata mata ɗaki. Bas ɗin da nake jira ta zo ta wuce, ina jin ƙahonta ban motsa ba.

In sun miƙo miki dami, kowane iri ne, ki aje kyamara ki karɓa. Hotunan da na ɗauka da safen nan duk sun koɗe, amma ƙaiƙayin ciyawar a wuyana ina jinsa har gobe.

Da azahar aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo dunƙulen shinkafa da ganye mai tsami da shayi marar sukari. Aka zaunar da ni kusa da wani dattijo mai tabarau, tsohon malamin makaranta, shi ne mai ɗan Turanci. Ya ce mini rufin nan in an yi shi yakan kai mutum ya haifi ɗa har ɗan ya yi aure, kuma kowane gida ya san gidajen da suka taɓa hawa nasa. Ciki ya cika, baki ya buɗe, sai na yi tambayar da har yau in na tuna nake rufe ido. Na ce, "Ƙasarku ga arziki ga ƙarfe, me ya hana ku sa wa tsohuwar nan kwano ta huta? Ni haka na yi wa tawa uwar." Har da ɗan bugun ƙirji na faɗa.

Malamin ya juya ya gaya mata. Tsohuwa ta ci gaba da zuba shayi, ba ta ɗago ba. Sai ta fara nuna mutane da bakin buta, tana magana, malamin yana mayar mini. "Ta ce wancan mai jan ƙyalle, mijinta ya hau rufin ubansa. Wancan kuma daga birni ya zo jiya, don ita ta dafa abinci ranar nasu." Ta ƙara wata magana gajeruwa, matan da ke kusa suka fashe da dariya. Malamin ya goge tabarau ya ce, "Ta ce in ta sa kwano, kwanon za ta dafa wa shinkafa?"

Kowa yana dariya, ni ma na buɗe baki zan yi, sai kaset ɗin nan ya kunna kansa a cikin kaina, har da zakaran. Bana ban dama kunun gayya ba, geron yana nan a rumbu. Shekaru na yi da maganar a kunne, sai a bayan duniya, a bakin wata tsohuwa da ba ta san sunan ƙasarmu ba, na ji abin da uwata ta ce. Na aje shinkafar. Na yi kuka a gaban baƙi, Mamana, tsohuwar kuma ba ta tambayi dalili ba, ta ƙara mini shayi.

Na hau bas ta ƙarshe da yamma, rufin ya kusa haɗewa, sabuwar ciyawa tana ɗaukar ido. A cikin bas ɗin na gama shirya komai. Da rani mai zuwa zan je gida, a gina wa Inna ƙaramar bukka kusa da ɗakin kwanon, na bar ta ta ɗaura gyale ta bi gida-gida, ni kuma na shiga cikin masu ɗaga jinka. Na ga abin sarai a gilashin taga, har launin gyalen.

Rani ya zo hutuna bai faɗo daidai ba. Na gaba muka sayi gidan nan. Na gaba mahaifiyarki ta fara ciwon da ya ɗauke ta. Kullum bukkar tana nan a kaina, ginanniya, na ɗauka hakan ma wani abu ne. Sai aka bugo waya daga Zariya aka ce Inna ta kwana biyu ba lafiya kafin a lura, kuma ta cika. Da na isa an riga an yi jana'iza. Na shiga ɗakin da rana tsaka, zafi kamar tanda, kwano lafiyarsa lau, ko tsatsa babu. Maƙwabcinta Baba Tanko, wanda shi ke ba da murya in za a ɗaga jinka, ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, ka yafe mana. Da can ko ba komai mukan leƙo mu duba ciyawa. Da aka yi kwano sai muka ga ai ta fi ƙarfinmu, tana da ɗa a Amurka." Ba zagi ya yi ba, gaskiyarsa ya faɗa. Abin da kika ƙudura za ki yi wa mai rai, ki sa masa rana, ki gaya wa wani ranar don ya tuna miki.

To, mun iso taga.

Kin san tagogin gidan nan tsofaffi ne, iskar hunturu tana shigowa ta gefensu kamar ita ke biyan haya. Kowace shekara in ganye ya fara zuba, ni da ke mukan rufe su da leda. Ke ki hau kujera ki riƙe sama, ni ina manna tef, ki ce na karkata, na ce ke kika saki. Sannan ki ɗauko na'urar busar da gashinki ki bi ledar har ta miƙe, mu zauna mu ci gyaɗa da shayi. Tun da muka rage mu biyu, ba ni da ranar da ta fi mini wannan a shekara, ko da yake ban taɓa gaya miki ba.

Makon jiya kika zo kina murna kika ce kin shirya da mai gyara, zai cire tsofaffin ya sa sababbi masu gilashi biyu. Kika haɗa da 'yar Hausarki don ki faranta mini: "Baba, shi ke nan, ba leda, ba tef, ba ka bukatar kowa." Na ce Allah ya yi miki albarka, kamar yadda Inna ta ce mini. Na san abin da ke ranki, tsoro kike ji ki bar ni ni kaɗai da sanyi. 'Yar halak ce ke, kuma jinina ce, shi ya sa kika yi mini irin kyautar da na yi wa Inna.

Jiya kina wajen sallama da ƙawayenki mutumin ya zo da abin awonsa. Na ba shi shayi, na ba shi haƙuri, na sallame shi. Daga nan na tsallaka wajen maƙwabcinmu Alhaji Sule, mutumin Kumasi mai tasi. Shekara nawa muna gaisawa ta kan shinge ban taɓa roƙonsa ko gishiri ba. Na daure na ce, "Alhaji, in sanyi ya kusa ina da gayya, ta rufe taga." Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Gayya a New York? Kai Malam! Tun rasuwar tsohona ban ji kalman nan ba. Akwai tuwo?" Na ce da miyar kuka. Ya ce, "To ka ƙirga da ni, zan zo da yarana biyu, amma ka sani nawa tagogin ma suna nan." Na ce na sani, ai shi ne gayyar. Ran Lahadi kuma zan gaya wa mutanen majami'a.

Saboda haka kada ki damu, ba zan kwana cikin sanyi ba, kuma za a riƙa leƙo ni. Ki yi fushinki a cikin jirgi, kafin ki sauka ya huce. In kin samu hutu wajen Afrilu, kada ki bi jirgin ƙasa mai gudu daga birni zuwa birni. Ki hau bas, ki sauka a ƙauyen nan. Tsohuwar da wuya tana raye, amma rufin yana nan, a ɓangaren da ke kallon kogi akwai igiyar da babanki ya ɗaura. Ki ci abin da aka ba ki, ki riƙa cire takalmi, kada ki zama mai cewa ba ta bukatar kowa. Ki bar wani abu a ɗakinki wanda sai maƙwabta sun taya ki.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga ciwo da mugun abokin tafiya da kaɗaici, ya ba ki barci mai daɗi a ƙasar da ba taki ba, ya dawo mini da ke da ƙafafunki.

Abu ɗaya ya rage. Na gaya wa Alhaji za mu rufe duka tagogin, ban da ta ɗakinki. Wannan ba mai taɓa ta. Zan ja ƙofar na sa tsumma a ƙasanta, iska ta yi ta shawaginta a ciki. Ledar da tef suna kan kabad ɗinki, kujerar tana inda kika bar ta. Ko bana, ko baɗi, ko wadda ke biye, ɗakin zai yi ta zuba har ki zo, ni kuma zan jiƙa gero.

Ni ne babanki, kuma ɗanki,
Auta.